'Yata ta dawo daga jami'a ta ce ita bigan ce, me zan riƙa saya mata a kanti?

Wata Hajiya da ke zaune a Leicester ta Ingila ce ta turo tambayar. 'Yarta mai shekara 19 ta dawo hutu ta ce ta daina cin nama, kifi, ƙwai, madara har da zuma. Hajiya ta je wajen kayan 'yan bigan a Tesco ta ga tsada ta dawo hannu rabbana, yanzu tukunya biyu take ɗorawa kullum kuma hankalinta bai kwanta ba ko yarinyar tana samun abin da jiki ke buƙata.

Hajiya sannu da ƙoƙari, Allah Ya shirya mana su baki ɗaya. Ni kimiyyar abinci na karanta, kuma aikina a nan Ingila shi ne duba rubutun da ake bugawa a bayan kwali kafin kaya su fita daga masana'anta, to wannan tambayar taki a gonata ta faɗo. Abu na farko dai ki daina zuwa wancan layin mai koren rubutu inda ake jera sosej ɗin bogi da cukwin bogi, ba don ke aka yi shi ba, an yi shi ne don Baturen da ya tashi da naman alade da cuku a faranti yanzu ya bari yana kewa. Ke kuwa idan kika juye kwandon sayayyarki na sati a ƙasa kika ware, wallahi fiye da rabi yarinyar nan za ta iya ci yadda yake. Shinkafa, taliya busasshiya, makaroni, kuskus, semo, garin masara, fulawa, wake, man gyaɗa, manja, tumatirin gwangwani, albasa, attaruhu, dankali, doya, ayabar suya, kuɓewa da alayyahun firiza, duk babu dabba a ciki. Abin da ya rage miki kawai ki koyi karanta bayan kwali, kuma abin ba wuya.

Wani abin dariya ma, a garinku aka haifi kalmar bigan. Donald Watson, wanda ya kafa ƙungiyar Vegan Society a watan Nuwamba na 1944, a Leicester yake zaune lokacin yana koyar da aikin kafinta. Wannan ƙungiyar ce ke da tambarin furen nan mai kallon rana da za ki gani a jikin wasu kaya, in kin gan shi kin san babu dabba a ciki. Amma kayan da ba su da tambarin sun fi yawa nesa ba kusa ba, saboda rajista kuɗi ake biya, kamfanin da ke sayar da wake a gwangwani ba lallai ya damu ba.

To ga yadda ake karantawa. Doka a Ingila ta tilasta wa masu sarrafa abinci su fito da abubuwa 14 da ke tayar wa mutane da borin jini a fili cikin jerin kayan haɗi, yawanci da rubutu mai kauri. Cikin 14 ɗin nan akwai madara, ƙwai, kifi, dangin jatan lande da dangin dodon koɗi. Kenan ba sai kin bi layi-layi ba, ki kai idonki kan baƙin rubutun kawai, in kin ga milk ko egg ko fish ki mayar da shi kan kanta. Ko da an ɓoye madarar da wani suna, irin whey ko casein ko lactose, dole a rubuta milk a gefensa da kauri. Wannan kaɗai ya kashe miki mafi yawan aikin. Sai ki ga a ƙasa an rubuta may contain milk, wannan ba yana nufin an zuba madara ba, yana nufin a injin ɗaya ko ɗaki ɗaya ake yin wani abu mai madara, kamfani yana kare kansa ne saboda masu borin jini. Yawancin 'yan bigan suna ci. Ki tambaye ta inda ta tsaya a kan wannan don akwai masu tsanani. Misali biskit ɗin Oreo babu madara a kayan haɗinsa amma yana ɗauke da wannan gargaɗin, wasu na ci wasu ba sa ci.

Matsalar tana wajen abubuwan da dokar ba ta ce a yi musu kauri ba, don nama da zuma da ƙwari ba sa cikin 14 ɗin. Waɗannan sai kin haddace su, kuma ba su da yawa. Gelatine daga fata da ƙashin dabba ake dafo shi, yana cikin alawoyi masu danƙo da mashmalo da jelin da ake narkarwa da ruwan zafi, wannan ma na san kin daɗe kina gudunsa saboda yawancinsa na alade ne. E120, ko a rubuta carmine ko cochineal, jan launi ne da ake samu daga wani ƙwaro da ake busarwa a niƙe. E904 wato shellac shi ma daga ƙwaro, shi ke sa alawa ƙyalli kuma ana shafa wa bawon wasu lemuka don su daɗe. E901 kakin zuma ne. Sai honey, sai beef dripping da goose fat da ake soya wasu dankalin firiza da su musamman lokacin Kirsimeti. Akwai kuma E471 da za ki gani a burodi da kek, shi yana iya fitowa daga kitsen dabba ko daga man tsiro, lambar ba ta faɗa miki, amma in kwalin ya ce ya dace da vegetarians, wato masu barin nama da kifi amma suna shan madara, to na tsiro ne.

A nan ne nake so ki kula sosai Hajiya, don mu Musulmi muna yawan haɗa abubuwa uku wuri ɗaya alhali kowanne hanyarsa daban. Halal daban, vegetarian daban, bigan daban. Alawar Haribo ɗin da ake sayarwa a shagunan Musulmi na Evington Road, wanda ake kawowa daga Turkiyya, halal ne don da jelatin na saniya aka yi shi, amma 'yarki ba za ta ci ba. Kayan Indiyawa da ke Belgrave Road kuma za ki ga ɗigon kore a cikin murabba'i a jikinsu, wannan alamar gwamnatin Indiya ce ta cewa babu nama babu ƙwai, amma madara da man shanu sun halatta a ƙarƙashinta, kuma girkin Gujarawa kin san ghee (man shanu) da yogot da paneer (cukunsu) ba sa rabuwa da shi. Ta ɗaya ɓangaren kuma, abu ya zama bigan ba ya nufin ya halatta gare mu. Giya daga tsiro take. Akwai miyar taliya ta kwalba da ake zuba wa jan wayin, akwai kek ɗin Kirsimeti da ake jiƙawa da barasa, kuma duk za ki iya ganin Vegan ɓaro-ɓaro a gabansu. Wannan ki ja mata kunne a kai, yaran nan da sun ga koren tambari sai su ɗauka shikenan.

Yanzu mu shiga kanti layi-layi, amma ba duka ba.

Burodi mai yanka-yanka na yau da kullum, irin na Hovis da Warburtons da Kingsmill da na kantin kansa, akasarinsa fulawa ne da ruwa da yis da gishiri da ɗan mai, babu madara. Wanda za ki guda shi ne brioche da croissant, su man shanu da ƙwai ne ginshiƙinsu, sai milk roll wanda sunansa ma ya tona shi, sai naan da yawanci ake kwaɓawa da yogot ko madara. Pitta kuwa, wanda ya fi komai kama da gurasarmu ta Jakara, lafiya lau ne kusan kullum. Burodin Agege na shagon 'yan Afirka ki karanta, da yawa suna sa madara da bota.

Taliya busasshiya ta leda alkama ce da ruwa kawai, kuma ta kantin kansa ba ta kai fam ɗaya ba. Wadda ke cikin firij ɗanya ita ce mai ƙwai, haka egg noodles. Indomie da 'yan uwanta ba taliyar ce abin dubawa ba, ƙaramar ledar ɗanɗanon ce, ita za ki karanta.

Karin kumallo, Weetabix na asali da Shredded Wheat da ots zalla duk sun yi. Amma ga wani tarko da mutane kaɗan suka sani, bitamin D da ake ƙara wa wasu hatsin karin kumallo, ciki har da Corn Flakes na Kellogg's, daga maiƙon gashin tunkiya ake ciro shi, lanolin ake ce masa, kuma ba za ki ga kalmar tunkiya a ko'ina a kwalin ba. Crunchy Nut kuma zuma ce a ciki. Milo da Bournvita akwai garin madara a cikinsu tun daga gwangwani, sai dai ki saya mata garin koko zalla ta haɗa da suga. Kastad na gari irin Bird's babu ƙwai a ciki, asalinsa ma wani mai haɗa magunguna a Birmingham, Alfred Bird, ya ƙirƙiro shi a 1837 saboda matarsa ba ta iya cin ƙwai, garin masara ne da launi da ƙamshi, ki dama mata da madarar waken suya.

Sunaye ma suna yaudara ta kowane gefe. Cream Crackers na Jacob's babu kirim ko ɗigo a ciki. Peanut butter gyaɗa ce markaɗaɗɗiya, bota ɗin suna ne kawai, kuma ita ce za ta yi miki kunun gyaɗa da miyar taushe ba sai kin soya kin niƙa ba, ki nemi wadda aka rubuta gyaɗa 100%. Cocoa butter man koko ne. Lactic acid duk da sunan ya yi kama da madara yawanci daga tsimin suga ake samunsa. Sai kuma masu fuskar salihai da ba haka suke ba: Worcestershire sauce na Lea & Perrins akwai ƙananan kifi a ciki, pesto na kwalba akwai cuku, mayonis da salad cream ƙwai ne, bota ta roba da yawa ana zuba mata buttermilk, kuma kayan naman bogi na Quorn da mutane ke ɗauka duk na 'yan bigan ne da yawansu da farin ƙwai ake ɗaure su, sai wanda aka rubuta Vegan a gaba. Baked beans na Heinz da ketchup ɗinsu lafiya. Jam lafiya, da pectin na 'ya'yan itace ake kama shi. Biskit ɗin Lotus Biscoff lafiya, Hobnobs wanda ba cakulan a kai lafiya, Bourbon na kantuna da yawa ma babu madara duk da wannan kirim ɗin na tsakiya. Cakulan baƙi irin Lindt mai 70% babu madara a haɗinsa, amma wasu baƙaƙen ana sa musu milk fat don su yi laushi. Kiris, wato soyayyen dankalin leda, mai gishiri zalla ya yi, masu ɗanɗano kuwa ko na salt and vinegar sai ki tarar da garin madara a wasu.

Duk sunayen da na lissafa ki ɗauke su a matsayin inda za ki fara dubawa, don kamfanoni suna canza haɗi ba tare da sun yi shela ba. A wajen aikina na sha ganin mai kawo mana kayan ƙamshi ya canza haɗinsa ya ƙara garin madara, mu kuma dole mu sake buga leda gaba ɗaya, a gaban kwalin babu abin da ya canza, hoto ɗaya launi ɗaya, sai a baya kawai. In kika ga an rubuta new recipe to ki juya ki karanta ko da kin shekara goma kina saya.

Amma fa gaskiya inda za ki fi zamewa ba a Tesco ba ne, a kicin ɗinki ne. Ni kaina na taɓa yi. Wata abokiyar aikina 'yar bigan na gayyata gida, na yi mata dafa-duka na cire nama na cire komai ina ta alfahari, sai da ta kai rabin faranti ta tambaye ni me ya ba shi wannan daɗin, ina buɗe baki na tuna dunƙulen kaza biyu na jefa da hannuna ba tare da na ma yi tunani ba. Kunya kamar ƙasa ta tsage. Hannunmu ya saba ne. Dunƙule mai ɗanɗanon kaza ko naman sa da yawa akwai kitse ko garin naman a ciki da gaske, ki sayi wanda aka rubuta vegetable, Knorr da Oxo duk suna yi. Sai garin kirefish, sai busasshen kifi, sai romon nama da muke tsuma miya da shi, sai man shanun da ake zubawa a kan tuwo, sai ƙwan da ake yankawa a kan ɗanwake ko a tura cikin alala, sai nonon da wasu ke sa wa ƙullin sinasir. In kika cire waɗannan me ya rage? Ƙosai, alala, waina, funkaso, ɗanwake da mai da yaji, garau-garau, dambun shinkafa da zogale, faten doya, kwaɗon rama da ƙuli-ƙuli, tuwo da miyar kuka, kunun tsamiya, kunun aya, zoɓo. Kakanninmu a ƙauye sai su yi sati ba su ga tsoka ba, daddawa ce naman miyarsu. Ki nemi daddawa a shagon 'yan Afirka, a firiza take, Yarbawa suna rubuta mata iru. Ki haɗa da albasa da kika soya ta yi ja sosai da busasshen naman kaza, ina nufin mashrum fa kada yarinya ta ji sunan ta gudu, miya za ta yi daɗin da ba za a nemi nama ba. Tofu kuma da ake ta yi wa kallon abincin Turawa masu yanga, awara ce Hajiya, awarar da yara ke saya a bakin makaranta. Ki sayi mai tauri, firm, ki matse ruwan ki yanka ki soya ki barbaɗa yaji.

Tukunya biyu kuwa ki daina. Ki soya kayan miyarki da dunƙulen ganye da daddawa, ki dafa namanki daban a gefe, in miya ta haɗu ki ɗibar mata nata a ƙaramar tukunya sannan ki juye nama da romo a sauran. Minti biyar ne bambancin.

Yanzu ga inda ba na wasa. Furotin ba shi ne damuwata ba, mai cin wake da gyaɗa da awara da adas (lentils) da wannan waken mai kama da gurjiya da suke rubutawa chickpeas ba zai rasa furotin ba. Damuwata bitamin B12 ne. Babu wani tsiro da za a dogara da shi a samu B12, ba zogale ba, ba dabino ba, ba komai ba, duk wanda ya ce miki akwai ki ƙyale shi. Kuma mugun abin shi ne hanta tana ajiye shi na shekaru, sai yarinya ta yi shekara biyu ko uku garau tana ce miki kin gani Mama lafiyata ƙalau, sannan gajiya ta fara, da mantuwa, da jin hannu da ƙafa suna yi kamar minjirya, kuma in jijiya ta lalace ba kullum take dawowa daidai ba. Ita kanta Vegan Society abin da take faɗa wa mutanenta shi ne su sha ƙwayar maikrogiram 10 kullum ko 2000 sau ɗaya a sati, ko kuma su ci abincin da aka ƙara wa B12 aƙalla sau biyu a rana. Ƙwayar tana nan a layin magunguna na kowane babban kanti kuma ba tsada. A abinci kuma akwai Marmite, wannan baƙin abin mai kama da kwalta da ake yi a Burton upon Trent tun 1902, ni ban iya shafa shi a burodi ba amma rabin ƙaramin cokali a miya yana aiki kamar daddawa.

Madarar tsiro ki saya mata ta waken suya, ita ce furotin ɗinta ya yi kusa da na madarar saniya, ta ots da ta almond da ta shinkafa ba su kai ba. Ki duba an ƙara mata calcium da B12 da iodine. Abin mamaki wadda aka rubuta organic, mai tsadar, yawanci ita ce ba a ƙara wa komai ba. Kuma a girgiza kwalin kafin a zuba don sinadarin yana kwanciya a ƙasa. Na ambaci iodine ne saboda a Najeriya gishirinmu an riga an sa masa, a Ingila kuwa gishirin kanti yawanci babu, mutanen nan daga madara da kifi suke samu, ita kuma ta bar duka biyun.

Bitamin D kuma wannan har ke da Alhaji ya shafa. Hukumar lafiya ta NHS tana ba kowa shawarar maikrogiram 10 a rana lokacin kaka da hunturu, mu masu baƙar fata da masu rufe jiki kuma duk shekara. Nata ki nemi D2 ko D3 da aka rubuta vegan, saboda maganar gashin tunkiyar nan. Sai ƙarfen jini, mace mai al'ada tana buƙatar miligiram 14.8 a rana, kuma wanda ke cikin wake da ganye jiki ba ya zuƙarsa da sauƙi kamar na nama. Dabarar ita ce a haɗa da abu mai bitamin C a faranti ɗaya, tumatir, tattasai, matsin lemon tsami, kuma a daina kora abinci da shayi, a bari sai bayan awa ɗaya don shayi yana hana ƙarfen shiga jiki. In ta yi wata shida a haka ta je wajen GP, likitan unguwa, a duba jininta.

Ki kuma sa ido a matsayinki na uwa. In tana ci tana ƙoshi tana ƙari, ki bar ta. Amma in kika ga kullum jerin abin da ba ta ci yana ƙaruwa, yau ba mai gobe ba shinkafa, tana ramewa tana gudun zama a ci tare, to wannan ba maganar dabbobi ba ce kuma, akwai 'yan matan da ke fakewa da bigan don su ɓoye matsalar ƙin cin abinci, wannan likita ake kai wa da wuri.

Na san kuma abin da ke ranki wanda ba ki rubuta ba, ko yarinya tana haramta abin da Allah Ya halatta. Barin cin abu daban, cewa haramun ne daban. Ya tabbata an kawo wa Annabi (SAW) naman damo bai ci ba, da aka tambaye shi ko haramun ne ya ce a'a, ransa ne bai so, Khalid bin Walid ya ja ya ci a gabansa. Ki zauna da ita ki ji a wane ɓangare take, cikin lallami ba a gaban ƙannenta ba. Kuma ranar Asabar in za ki Aldi ki tafi da ita, ki ba ta kwandon ta riƙa juya kwalayen tana karantawa da kanta, tunda in hutu ya ƙare ita kaɗai za ta koma yi wa kanta cefane. Kafin ta tafi ki koya mata wanke wake da kwaɓin alala, a gwangwanin tumatir ɗin da kika juye ma za ta iya turarawa.